Abin da Darlenis Ta Gani Daga Bayan Kabad

A makarantar sistoci ta Mompox, wadda katangar bayanta ke kallon kogi, doka ce da zarar an tashi tara kowace yarinya ta fita tsakar gida, a kulle aji, mukulli ya zauna a wuyan monita har a dawo. Tun suna aji shida Darlenis Cantillo take hangen wannan mukulli. Ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗan ƙarfe ne a jikin shuɗin kirtani, amma wadda aka rataya wa shi ita ke jan layi ranar Litinin, ita ake aika ofishin shugaba, kuma ita ke shiga gaba a rawar kumbiya ranar bikin makaranta, riƙe da damin kyandir mai ci. Da suka shiga aji takwas kowa ya ɗauka na Darlenis ne. Ita ma har ta gwada a gaban madubin kakarta yadda za ta sunkuyar da kai a rataya mata.

Sai ga Marleidis Oñate ta zo daga Barranquilla, za ta zauna wajen gwaggonta mai kantin magani. Doguwa ce mai wushirya, tana magana da sauri irin ta mutanen birni, kuma duk abin da ta sa sai ya zauna mata, har kayan makarantar da ke mayar da kowa kamar buhun rogo. Ba ta cika sati uku ba Malama Hortensia, malamar ajinsu, ta kira ta gaban allo ta rataya mata mukullin. Darlenis ta yi tafi tare da kowa, tafin da ita kanta ba ta ji ƙararsa ba.

Da mukulli kaɗai aka tsaya, da ta haɗiye. Amma akwai Nohemí. Nohemí Turizo ƙawarta ce tun ba su san kansu ba. Uwar Darlenis ce ta riƙe ta ranar baftisma, gidajensu kuma layi ɗaya. Ranar da Nohemí ta cika sha uku, Darlenis ta yi wa babanta naci har ya ƙera mata ɗan kifi na zaren azurfa, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, yana lanƙwasa kamar mai rai. Nohemí ta maƙala shi a zif ɗin jakar birorinta. Yanzu kuwa wannan Nohemí ɗin ce ke zama da Marleidis a gindin tsamiyar tsakar makaranta, su sayi ƙanƙarar leda guda, wannan ta fasa wannan kusurwa, waccan ta fasa waccan. Ba su kori Darlenis ba. Sukan ma matsa mata wuri. Sai dai in ta zauna, hirar takan koma ta wadda ake yi don baƙo, kuma wata dariya da suka fara kafin ta zo ba a taɓa gaya mata mafarinta.

Ita ce ta sa ta daina fita tara. Ta gano cewa ɗaya daga cikin sandunan katako na tagar bayan aji ya ci gara, in an ɗaga shi mutum marar jiki yana iya shigewa. Takan fita da kowa, ta zagaya ta bayan banɗaki, ta kutsa ta tagar, ta zauna a lungun da ke tsakanin bango da kabad ɗin taswirori. A aljihunta akwai ɗanyen mangwaro, gishiri a ƙullin takarda, da rabin lemun tsami. Doka biyu ke nan ta taka, ta zama a aji da ta ci a aji. Tana ce wa kanta sanyin wurin take so. Gaskiyar magana, daga wannan lungun ana hango gindin tsamiya ta tsagin taga, kuma ba ta iya daina kallo, kamar mai sosa ƙurji.

A cikin waɗannan makonni ƙananan abubuwa suka fara ɓacewa a ajin. Magogin fensir mai ƙamshi, ribon ɗin gashi, biro mai launi huɗu, madubin aljihu. Malama Hortensia ta yi faɗa har sau biyu, ta ce ajin da ake kullewa ba aljani ne ke shigarsa ba, sakaci ne kawai na masu kayan.

Ranar wata Talata, Darlenis na tsakiyar tauna mangwaro ta ji mukulli a ƙofa. Ta ƙame. Marleidis ce ta shigo ita kaɗai, ta tura ƙofar da duga-duganta. Ba ta yi waige-waige ba. Kai tsaye ta nufi teburin Nohemí, ta zaro jakar birori, ta sa farce ta buɗe ƙaramin zoben da ke riƙe da kifin, ta ɗaga shi ga haske yana wutsil-wutsil, sannan ta tura shi cikin safarta. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, ta fita, ta kulle.

Abin da ya fara zuwa wa Darlenis ba fushi ba ne. Daɗi ne, wani irin daɗi mai ɗumi da ya taso mata daga ciki har kunnuwa. Ashe dai! Ashe mai wushiryar nan, 'yar lelen malamai, ɓarauniya ce. Ta ƙarasa mangwaronta har ƙwallo tana murmushi ita kaɗai.

Sai da ta isa gida lissafin ya fara kwance mata. Tana zaune a shagon babanta tana riƙe masa zaren azurfa yana murzawa, sai ta tuna littafin ɗa'a da ke ofishin Sista Amparo, shugabar makaranta. Sunanta ya riga ya shiga sau biyu a wannan zango, ɗaya don jan farce, ɗaya don latti. Wadda ta shiga sau uku ba ta rawa ranar biki, ko a layin ƙarshe. In ta ce ta ga Marleidis, tambayar farko ita ce daga ina ta gan ta. Siket ɗinta na rawa kuwa yana rataye a ɗaki, kakarta ta yi wata guda tana ɗinka masa leshi a baki. Babanta ya ce ta daina jan zaren haka, za ta tsinka masa aiki. Kakar, daga kujerarta mai lilo, ta dube ta ta saman tabarau ta ce yarinyar nan yau tana kama da magen da ta ga kifi a cikin kwalba.

Washegari Nohemí ta yi kuka a aji da ta ga babu kifinta. Marleidis ce ta rungume ta, ita ce ta durƙusa tana lalube ƙarƙashin tebura. Darlenis ta zuba musu ido har ta ji haƙoranta na ciwo.

Da yamma ta ja Nohemí zuwa bakin kogi, suka zauna a kan katangar da masu kwalekwale ke ɗaure igiya. Ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, sannan ta kwashe komai ta gaya mata, tagar, kabad ɗin, safar. Ta yi zaton Nohemí za ta dafe ƙirji ta riƙe hannunta. Nohemí ta kalli ciyawar ruwa na wucewa, sannan ta tambaye ta me take yi a bayan kabad tun farko. Darlenis ta ce zafi ne ya yi mata yawa a waje.

"Zafi," in ji Nohemí. "Darle, tun ranar da yarinyar nan ta zo ba ki taɓa faɗin alheri ɗaya a kanta ba. Muryarta ta dame ki, tafiyarta ta dame ki. Yanzu kuma sata. In gaskiya ne, je ki gaya wa Sista mana."

"Kin san ba zan iya ba."

"To ni ma ba zan iya yarda ba. Kishi ne ke cin ki, kuma bai yi miki kyau ba."

Da ƙarya aka yi mata, da ta yi rantsuwa ta yi kururuwa. Amma rabin maganar gaskiya ce, kuma rabin nan ya hana ta kare ɗaya rabin. Suka taho gida layi ɗaya, kowa da gefen titinta.

Kwana shida tana ɗauke da abin. Ta rubuta takarda ba suna za ta tura ƙarƙashin ƙofar ofis, ta tuna Malama Hortensia na gane rubutun kowa ko da hannun hagu aka yi shi, ta yaga. A wajen koyon rawa tana layi na uku, tana kallon bayan Marleidis a gaba, yadda ƙugunta ke tafiya kafaɗunta ba sa motsi, masu ganga suna bin ta maimakon ta bi su. Abin haushin shi ne ta iya. Darlenis ta nemi kuskure ko ɗaya a ƙafafunta, ba ta samu ba.

Ranar Litinin bayan an tashi daga rawa ta tarar da Marleidis ita kaɗai a famfon bayan coci tana wanke fuska. Ta tsaya a kanta ta ce ta san inda kifin Nohemí yake. Marleidis ta ƙarasa wanke fuskar, ta yarfe hannu, sannan ta ce ta san ta sani. Sai da ta juya za ta fita ranar, in ji ta, ta hangi takalmi na leƙowa ta ƙarƙashin kabad, ga kuma warin lemun tsami ya cika ajin. Tun ranar take jira a kira ta ofis, da ta ga shiru sai ta gane dalili.

"Ke da ni duk kaza ce a aljihunmu," ta ce, "ba mai jimirin as."

Darlenis ta ce kada ta haɗa su, cin mangwaro ba sata ba ne. Ta gaya mata sharaɗinta, wanda ta kwana tana shiryawa: ta mayar da kifin, sannan ta ce wa Malama ƙafarta na ciwo ba za ta iya shiga gaba ba. Marleidis ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce kyandir dai in Darlenis ta isa ta zo ta karɓa a hannunta. Amma da Darlenis ta tambaye ta me za ta yi da kifin, alhali gwaggonta na iya saya mata goma, sai fuskar ta canza.

"Sauran tarkacen ban san me ya sa ba," ta ce. "Hannuna ne kawai. Ko amfani da su ba na yi. Amma kifin na sani. Kin san sau nawa nake jin sunanki a bakin Nohemí a rana? Darle ta ce kaza, ni da Darle mun taɓa kaza, baban Darle ne ya ƙera mini. Tana zaune da ni tana wasa da shi a hannu. Na gaji da ganinsa."

Darlenis ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta je da niyyar ƙwace kyandir, ba ta samu ba, amma ta dawo da abin da ba ta yi tsammani ba: ashe ita ma ana kishinta. Ta yi ta juya maganar a baki kamar alewa. Ko kaɗan ba ta yi tunanin abin da mai jin tsoro zai iya aikatawa ba, don ba ta lura Marleidis ta tsorata ba.

Ta tsorata kuwa. Ranar Alhamis da sassafe, kafin kowa ya iso, ta juye duk abin da ta tara a cikin wani tebur na layin baya da ta ɗauka ba mai shi. Masu shara sun jirkita teburan daren jiya, wanda ta buɗe na Eneida Palomino ne, wata shiru-shiru 'yar masunta da ke ƙetaro kogi kullum a kwalekwalen babanta. Ranar ruwa ya ƙaru, Eneida ta makara. Ta shigo ana tsakiyar darasin lissafi, ƙafafunta duk laka, ta ɗaga murfin teburinta, sai ribon da biro da madubi suka zubo ƙasa, kifin azurfa ya gangara har gaban takalmin Malama Hortensia.

Ajin ya ɗauki ƙus-ƙus. Wata ta ce dama ita ta zarga, wata ta ce shiru-shiru ba tsoro ba ne. Eneida ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da murfin tebur tana kallon kayan kamar an zubo mata macizai. Malama ta tattara su a aljihun rigarta, ta ce wa Eneida ta je ta jira a bencin ƙofar ofis, za ta zo in ta gama darasi.

Darlenis ta zauna daram. Minti arba'in ɗin nan ta yi ta yi wa kanta ciniki. Kifi dai zai koma hannun mai shi. Eneida ba ƙawarta ba ce, ba ta rawa, ƙila faɗa kawai za a yi mata. Biki saura kwana tara. Ta kwafe duk abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, ba ta fahimci ko layi ɗaya ba. Da a nan abin ya tsaya, mai yiwuwa da ba ta tashi ba, kuma daga baya ba ta taɓa yaudarar kanta a kan wannan ba.

Abin da ya tayar da ita shi ne ta waiga ta ga Nohemí ta jingina kai a kafaɗar Marleidis tana raɗa mata wani abu, idonta na kan teburin Eneida, Marleidis kuma na shafa bayan hannunta a hankali. Wannan hannun da ya tura kifi cikin safa. Darlenis ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ba ta nemi izini ba, ta fita, ta wuce Eneida a kan benci, ta ƙwanƙwasa ƙofar Sista Amparo.

Sista Amparo tsohuwa ce 'yar ƙarama da ba ta ɗaga murya. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta tambayi wace taga, wane sanda, sau nawa ta shiga. Darlenis ta faɗa duka, har mangwaron. Sannan Sista ta tambayi yaushe ta ga abin da ta gani.

"Talatar makon jiya, Sista."

"Kwana tara ke nan. Me ya sa sai yau?"

Darlenis ta buɗe baki za ta ce saboda Eneida. Amsar na nan a shirye, mai kyau, kuma ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Amma tsohuwar na kallonta da irin idon da ya ga 'yan mata shekara arba'in, sai ta rufe bakin ta sunkuyar da kai. Sista ba ta matsa ba. Ta jawo littafin ɗa'a ta rubuta sunanta a karo na uku, ta ce ta turo mata Eneida, sannan ta kira Marleidis.

Marleidis ba ta musa ba. An ce tun kafin a gama tambayar ta cire mukullin daga wuyanta ta ajiye a kan tebur. Aka kira gwaggonta, aka kira uwar Darlenis, wadda ta zo da garin masara a hannun rigarta ta koma ba ta yi wa 'yarta magana ba sai dare ya kusa. Aka yanke musu Asabar huɗu suna goge bencinan coci, su biyu, kuma babu mai rawa a cikinsu. Kafinta ya zo ya canza sandan taga. Mukulli ya koma jakar Malama Hortensia har ƙarshen shekara, kyandir kuma aka ba wata 'yar ajinsu, Sugey Arrieta, wadda kakin ya ɗiga mata a hannu tun zagayen farko ta yi ta yarfewa har aka gama. Darlenis ta kalli bikin daga bayan iyaye, a kayan makaranta. Siket ɗin kakarta aka ara wa wata 'yar aji bakwai, aka ɗaure ƙugun da fil.

Ta yi zaton aƙalla ajin zai ga ta yi abin kirki. Ajin bai gani ba. A garin nan mai kai ƙara kwaɗo ake ce masa, kuma har aka yi hutu in ta wuce sai ta ji wata ta kumbura kumatu ta yi kukan kwaɗo a bayanta. Marleidis kuwa ta tsaya gaban allo ta ba kowa haƙuri tana hawaye, kuma har kukan nata kyau ya yi mata. Kafin mako biyu an koma matsa mata wuri. Eneida ba ta gode wa kowa ba. Sau ɗaya Darlenis ta tare ta a bakin ƙofa tana son ta ce wani abu, Eneida ta dube ta ta ce ta ji an ce kwana tara ta yi da sanin abin, ta raɓa ta wuce.

A coci suna goge benci, ɗaya daga wannan ƙarshe ɗaya daga wancan, ba sa magana sai ta miƙo sabulu. Asabar ta uku Marleidis ta zo da ƙanƙarar leda biyu ta ajiye ɗaya a kan bencin da ke tsakaninsu. Darlenis ta bar ta har ta fara narkewa, sannan ta sha.

Nohemí ta yi fushi da su duka, amma ba daidai ba. Marleidis ta rubuta mata wasiƙa shafi uku, suka shirya. Darlenis ba ta ga abin da za ta ba da haƙuri a kai ba, ita da ta faɗi gaskiya tun farko aka ƙaryata ta. Da ta faɗi haka a ƙofar gidansu Nohemí, Nohemí ta yarda ta yi kuskure, ta ce ta yi haƙuri. Sannan ta ƙara da cewa abin da ya tsaya mata a rai shi ne fuskar Darlenis ranar a bakin kogi, lokacin da take ba da labarin. Ta ce ba fuskar wadda aka yi wa ƙawarta sata ba ce, fuskar wadda ta ci caca ce. Suka koma tafiya makaranta tare, amma gindin tsamiya ya ci gaba da zama na mutum uku.

A watan Disamba uwar Marleidis ta aiko a mayar mata da 'yarta Barranquilla. Nohemí ta roƙi Darlenis ta raka ta tasha, ta ce ba za ta iya dawowa ita kaɗai ba. Darlenis ta je, ita ce ma ta riƙe musu lema suna rungume da juna a rana. Da motar ta tashi Nohemí ta bi ta da gudu har kwanar kasuwa, ta dawo ta zauna a kan wani buhun doya tana kuka da majina, mai kayan yana kallonta. Darlenis ta tsaya a kanta da lemar. Ta yi wata tara tana jiran wannan rana, ga ta ta zo, ga Nohemí ta zama tata ita kaɗai, amma abin da take ji shi ne ƙyashin hawayen nan da ba don ita ake zubar da su ba.

A hanyar gida, bayan sun yi nisa, ta tambayi Nohemí ko ita ma in za ta tafi za a yi mata kuka haka. Nohemí ta share hanci da bayan hannu, ta dube ta da jajayen idanu.

"Ke kuma ina za ki?" ta ce.